Allolin Shuka na Girkawa da Masu Tayar da Su a Yau

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kora gajimare zuwa busasshiyar ƙasa, Mai fitar da zangarniya daga ƙwaya guda. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya ɗan'uwa, Girkawan dā manoma ne kafin a san su da falsafa. Ƙasarsu duwatsu ce, filin noma kaɗan ne, ruwan sama kuma da sanyi yake sauka, sai wajen Oktoba ake shuka sha'ir da alkama. Duk shekarar da ruwa ya yi gardama, yunwa ce. Tsoron nan ne ya sa suka raba wa kowane sashe na halitta uban gida: Gaia ita ce ƙasa, Demeter ta hatsi, Dionysus na inabi da giya, Pan kuma, mai ƙaho da ƙafafun bunsuru, na makiyayan tsaunukan Arkadiya.

Labarin Demeter ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sun ce Hades, sarkin matattu, ya sace 'yarta Persephone. Uwar ta yi fushi, ta hana ƙasa tsiro, har mutane suka kusa ƙarewa. Zeus, shugaban allolinsu, ya shiga tsakani, amma yarinyar ta riga ta ci 'ya'yan rumman a can, don haka dole ta riƙa komawa ƙarƙashin ƙasa sulusin kowace shekara. In ta tafi gona ta mutu, in ta dawo ta yi kore. Lura da wani abu a nan: cikin abin da ya tayar wa Zeus hankali har da tsoron kada mutane su ƙare alloli su rasa masu yi musu yanka. Subhanallahi, abin bauta yana bukatar bawansa ya ciyar da shi!

A garin Elusis, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Atina, aka yi wa Demeter ɗakin tsafi. Kowace kaka dubban mutane sukan taka da ƙafa daga Atina, su yi azumi, su sha wani farau-farau na sha'ir da na'a-na'a, sannan su shiga zauren Telesterion a nuna musu asirin da hukuncin mai tona shi kisa ne. Matan aure kuma suna da nasu bikin, Thesmophoria, dab da shuka: a jefa 'ya'yan alade cikin ramuka, in sun ruɓe a kwaso a cuɗa da iri. Ba duka Girkawa suka yarda da wannan ba. Xenophanes, masanin falsafa na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya zargi mawaƙansu da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya kuma yi ba'a cewa da shanu na iya zane, da surar shanu za su zana allolinsu.

Sarkin Rum Theodosius ya haramta bautar gumaka a 392, mayaƙan wani sarki mai suna Alaric suka rushe Elusis a 396. Duk da haka saura bai gushe ba. Har zuwa 1801 manoman ƙauyen, Kiristoci, suna tara taki kewaye da wani tsohon gunkin mace don gonakinsu su yi albarka, sai wani Bature, Edward Clarke, ya ɗauke shi zuwa Kambirij, suna ji suna gani.

Masu tayar da wannan bauta a yau iri biyu ne. Na farko 'yan Wicca, tafarkin da Gerald Gardner ya bayyana a Ingila a 1954. Suna bauta wa uwar ƙasa da wani allah mai ƙaho wanda aka ɗebo rabin siffarsa daga Pan. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kimanin mutum 74,000 suka ce su mabiya addinin gumaka ne, wasu 13,000 suka ce Wicca. Na biyu Girkawa ne da kansu: ƙungiyar YSEE, wadda aka kafa a 1997, ta samu gwamnatin Girka ta amince da addininsu a 2017. Sukan sa fararen tufafi, su zuba zuma da ruwan inabi, su ƙona turare. Sunan Gaia kuwa ta ƙofar kimiyya ya dawo, lokacin da James Lovelock ya laƙaba shi ga ra'ayinsa cewa duniya tana daidaita kanta kamar jiki mai rai. Shi misali ya buga, wasu suka mayar da misalin abin bauta.

A ganina, tazarar da ke tsakanin na dā da na yanzu ta fi kamanninsu yawa. Na dā rumbunsa yake tsoro ya wofinta. Na yanzu galibi ɗan birni ne, a kanti yake sayen burodinsa, kewar daji da ƙyamar hayaƙin masana'antu suka koro shi. Da yawansu ma cewa suke allolin alamu ne kawai. Kukansu kan sare dazuka da gurɓata koguna gaskiya ne, Musulmi ma ya fi kowa cancantar yin sa, tunda amanar ƙasa aka ɗora masa. Inda suka kauce shi ne inda Girkawan dā suka kauce: sun ga aya, suka tsaya a kanta, ba su wuce zuwa ga Mai ayar ba. A Hudaibiyya, bayan ruwan da ya sauka da dare, Annabi (SAW) ya rarrabe wa sahabbai tsakanin mai jingina ruwan ga falalar Allah da mai jingina shi ga tauraro, alhali ruwa ɗaya ne ya jiƙa su.

Da'awar cewa masu bautar yau sun gaji Girkawan dā kuma tana da rauni. Tsakanin limamin Elusis na ƙarshe da waɗannan akwai shekara fiye da 1,500 babu silsila, babu malami da almajiri. Abin da ake nunawa a Telesterion ba wanda ya rubuta shi filla-filla, saboda tsoron kisa. Addu'o'in da suke karantawa yau daga tsofaffin waƙoƙi da binciken masu tonon kufai aka harhaɗo su.