Bashi Amana Ne: Mu Rubuta Shi, Mu Biya Shi

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shari'a ta halatta cinsa ga mai buƙata, amma ta tsananta wajen biyansa. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi dinari 3, Manzon Allah (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi dukan zunubinsa, ban da bashi. Idan wannan ne halin shahidi, ina ga mu?

Mafita tana farawa da alƙalami. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu. Da yawanmu ba mu san jimillar abin da ake bin mu ba. To, magidanci ya zauna ya rubuta sunan kowane mai bin sa, tun daga mai kanti har surukinsa, da adadi, da ranar alkawari. Sa'annan ya rubuta abin da ke shigo masa a wata, da abin da ke fita. Ya sanar da uwargida, domin ita ke riƙe da tukunya, kuma idan ajali ya zo, bashi ake fara fiddawa kafin wasiyya da gado.

Na biyu, a kasa kashewa gida biyu. Akwai lalura: hatsi, kuɗin haya, magani, karatun yara. Akwai kuma abin da al'ada ta ɗora mana: anko, maroƙa, gasar kayan ɗaki, shagalin suna na kwana da kwanaki. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Ko layya ma, a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai taɓa lalurarsa ta shekara ba. Yaya za a ci bashin rago don gudun bakin maƙwabta, alhali mai kanti yana jiran haƙƙinsa tun bara?

Ga misali. Ma'aikaci ne ake bin sa jikka 120. Kullum dala ɗari, wato 500 F, na tafiya ga shayi da katin waya da ƙananan kwaɗayi. A wata jikka 15 ke nan. Idan ya kame hannunsa, ya riƙa ware ta ranar da albashi ya shigo, ya kai wa mai ita kafin ta kwana a aljihu, cikin wata 8 ya yi sallama da bashin. Manomi ma haka: ya auna tiya nawa gidansa ke ci a rana, ya lissafa har zuwa kaka mai zuwa, ya rufe rumbu a kan wannan. Wanda ya sayar da hatsinsa da arha a kaka saboda biki, shi ne zai ranto buhu ɗaya a tsakiyar damana ya biya biyu. Wannan ƙarin riba ne, haramun ga mai karɓa da mai bayarwa.

Na uku, a daina ɓuya. Ka tafi wurin mai bin ka da ƙafarka, ka faɗa masa gaskiya, ku yanka abin da za ka iya kawowa kowane wata. Ka fara da wanda ajalinsa ya yi da wanda ya fi matsuwa. Kada ka ci sabon bashi don toshe tsoho. Annabi (SAW) ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci.

Ku kuma masu bin bashi, aya ta 280 ta Baƙara ta umarce ku da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Mawadata su tuna cewa wanda bashi ya danne yana cikin kashi 8 na masu cin zakka da Suratut Tauba ta ambata.

Muna kira ga kowane mai karanta wannan da kada Juma'a mai zuwa ta riske shi bai rubuta bashinsa ba. Allah Ya biya mana abin da ke wuyanmu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa ba. Amin.