Sunan Yaro Kayan Aro Ne

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ina ga wanda bararsa ta zo tun yana yaro, aka tafa masa kafin ya san ma'anar tafi, sa'an nan ya girma idon duniya ya koma kan wani?

A watan Janairu na 1851 matafiyan nan Jamusawa, Heinrich Barth da Overweg, suka rabu da abokin tafiyarsu Richardson a Tagelel, cikin Damargu. Daga baya Overweg ya ƴanta wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa. Da Overweg ya rasu a 1852, yaron ya bi Barth har Tumbutu, suka isa Ingila a 1855. A can J. F. Schön ya rubuta labarinsa da tatsuniyoyinsa daga bakinsa, suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano, ya rasu a 1912. Cikin kayan da ya bari an iske tabarau masu yawa da tufafin Turai waɗanda bai taɓa sa wa ba.

Shin laifi ne dattijo ya adana irin waɗannan kaya? Ko kusa. Mutumin da ba shi da abin tunawa kamar rijiya ce da ba ta da ido. Abin lura shi ne Dorugu ya ajiye jiyarsa cikin akwati, ya fita da safe ya koyar da ƴaƴan wasu. Begen baya ya zame masa guzuri, bai zame masa mazauni ba.

Abin da ke wahalar da wanda ya yi suna da ƙuruciya shi ne rabin yabon da ya sha na ƙanƙantarsa ne. Yarinyar da ta rera waƙa da sunan Tanut zamanin Samariya, a mulkin Seyni Kountché, ko yaron da ya zo na ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani a Belbeji, sun burge jama'a domin sun yi abin manya da ƙaramin jiki. Ranar da jikin ya girma, mamakin ya ƙare, ko da gwanintar ta ƙaru. Sunan da ya zo ta hanyar mamaki aro ne, mai abu kuwa yakan zo ya karɓi abinsa.

A nan nauyi ya hau kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Mu ne muke ɗora yaro a dandali, mu ne kuma muke mantawa da shi idan taro ya watse. Ya kamata mu yabi aikin da ya yi fiye da baiwar da aka haife shi da ita, domin aiki yana bin mutum har tsufa. Mu kuma riƙa gayyato gwanayen jiya su horar da na yau, maimakon mu riƙa nuna su kamar tsohon hoto. Wanda aka ba almajirai ya daina ƙirga tafin da ya wuce.