Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Ko Tiyatar Charlie Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Dare, duk duhunsa, ba ya yaudarar kowa. Wanda ya taso daga 'Yankara zuwa Faskari bayan isha'i ya san dare ne: zai riƙe tocila, ya rage sauri, ya kasa kunne ga kowane motsi a bakin hanya. Mai rashin sani kuwa da ƙarfin gwiwarsa yake tafiya, don a ganinsa rana ce tsaka. Abin da magabata suka hango ke nan da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Sai dai ba a gane nauyin karin magana sai an aza ta a inda ta fi wuyar zama, kuma babu wuri mai wuya kamar labarin wanda ya sani, sanin ya ƙona shi, sannan aka ƙwace masa abinsa.

Irin wannan labari ne marubucin Amurka Daniel Keyes ya ƙaga a Flowers for Algernon, wanda ya fara fitowa a gajeren labari a 1959, ya zama cikakken littafi a 1966. Charlie Gordon ɗan shekara 32 ne, mai shara a gidan burodi, maki 68 kacal gare shi a gwajin basira. A garuruwanmu irinsa ake kira dolo, a riƙa aikensa sayo abin da babu don a sha dariya. Burinsa ɗaya, ya iya karatu kamar kowa. Wasu masana biyu, Farfesa Nemur da Dakta Strauss, suka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, irin wadda suka riga suka yi wa wani ɓera mai suna Algernon. Cikin 'yan watanni makinsa ya kai 185, ya iya harsuna barkatai, ya zarce waɗanda suka yi masa aikin. Sai ɓeran ya fara ruɗewa, ya ƙi abinci, ya mutu. Charlie da kansa ya gano inda lissafin masanan ya kuskure: gwargwadon yawan basirar da aka ɗora da wuƙa, gwargwadon saurin zubewarta. Da yake littafin rahoton Charlie ne da hannunsa, mai karatu yana kallo rubutun ya miƙe, ya yi kyau, sannan ya sake karkacewa, baƙaƙe suna kuɓuce masa ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba suna da abin riƙewa. Kafin tiyata yana da aiki, yana da abokai, yana kwana da murmushi. Bayanta abokan aikin suka haɗa kai aka sallame shi, ya zama ba ya iya hira da kowa, ga girman kai ya shige shi. Amma a sake dubawa da kyau. Abokan nan tun asali ba da shi suke dariya ba, shi suke yi wa dariya. Su ɗura masa giya, su zame su bar shi a titi. Mahaifiyarsa ta sha dukansa don ya kasa karatu, daga baya ta sa aka fitar da shi daga gida. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba tiyata ce ta kawo shi ba, abin da ta yi kawai ta nuna masa su. Kwanciyar hankalin da ba ta ɗorewa sai idan mutum bai gane ana wulaƙanta shi ba, ribar masu wulaƙancin ce, shi ya sa su ne suka fara fushi da ya waye.

Hujja ta biyu ita ce abin bai daɗe ba. To, wace basira ce take daɗewa? Malamin da ya shekara hamsin yana ba da karatu a zaure, tsufa kan kai shi inda zai tambayi jikansa sunansa, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli. Ba mu taɓa jin an ce don haka karatun ƙuruciyarsa asara ne ba. A 'yan watanninsa Charlie ya nemo mahaifiyarsa, ya sasanta da ƙanwarsa, ya rubuta binciken da zai tsare wani daga irin abin da ya same shi, ya kuma tabbatar wa kansa cewa shi mutum ne tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Editoci sun nemi Keyes ya gyara ƙarshen labarin a tashi cikin farin ciki, ya ƙi. Ya yi daidai, don da ya yarda da tambayar ma ba ta taso ba.

Inda na yarda da masu suka shi ne batun masanan. Sauri suka yi, ba su jira sun ga ƙarshen ɓera ba suka taɓa ɗan Adam, sannan Nemur ya kai shi taron masana a Chicago yana baje kolinsa tare da ɓeran, yana magana kamar shi ya halicce shi. Karin maganar ta yabi sani ne, ba ta wanke wanda ya kira mutum ga sani ya bar shi ba kariya ba. Wannan kuwa a kudancin Katsina ya wuce labarin littafi. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji a ƙafa. Ranar 17 ga wata aka sako 344, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta riga ta rufe makarantun kwana. Uban da ya ce daga ranar ya yafe karatun da zai kai masa ɗa daji, ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Sai dai lissafin ya tsaya a rabin hanya. Yaron da aka cire daga aji aka mayar gona bai tsira ba, don a gona ma ana ɗaukar mutane. Haɗarin yana nan, karatun ne kawai ya tafi.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ma ɗanɗani rashin sani zallarsa a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. An yi shi don a toshe wa ɓarayin daji hanyar samun bayani, amma na gari ma sun biya nasu: labari ya koma sai ta bakin direbobi, mai ɗan'uwa a ƙauye ya kwana bai san ko yana raye ba. Ba wanda ya kira wannan shirun zaman lafiya.

Saboda haka hukuncina a kan Charlie shi ne tiyatar ta biya, laifin kuma yana wuyan waɗanda suka yi ta da gaggawa suka ɗauke shi abin gwaji. Iyaye, ku mayar da yara aji. Hukuma kuwa, tunda ke kika ce a kawo su, katanga da masu gadi da motar sintiri a wuyanki suke, kuma iyayen suna da haƙƙin su je su gani da idonsu kafin su sauke akwatin yaro a ƙofar makaranta.