Leda Da Hakkin Abin Kyauta

Akwai wata magana da ta cancanci masu hankali su tsaya su auna ta, watau ko abin da mutum ya samu ba tare da wahala ba yana da wani hakki a kansa. Waɗansu suna ganin darajar kowane abu kuɗinsa ne, saboda haka abin da ba a biya ko anini a kansa ba, babu laifi in an yar da shi. Waɗansu kuwa suna cewa duk abin da ya shiga hannun mutum ya zama amana, ko saye ya yi, ko ba shi aka yi. Babu abin da ya fi dacewa a gwada wannan magana da shi kamar ledar da ake zuba kaya a kasuwa, gama kusan kowa yana karɓarta kullum, kusan kowa kuma yana yar da ita kafin rana ta faɗi.

A dā, wanda zai tafi cefane da mazubinsa yake fita. Mace ta ɗauki ƙwarya ko kwando, namiji ya rataya sanho ko burgami, ɗan aike ya tafi da akushi ko kwano. Mai goro ya naɗe goronsa da ganyen fita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai shi, an kuma san wahalar da aka sha kafin a same shi, don haka ake tattalinsa. In ƙwarya ta tsage ba a jefar da ita, sai a kira gyartai ya ɗinke. Ran da ta ƙare sarai, sai ta ruɓe, gara ta ci rabonta, sauran ya koma ƙasa inda ya fito.

Leda kuwa baƙuwa ce. A shekarar 1933 ne waɗansu masu binciken sinadarai a garin Northwich na ƙasar Ingila suka dace da irin robar da ake yin ta, ba ma ita suka fita nema ba. Daga baya wani injiniya mutumin Suwidin, mai suna Sten Gustaf Thulin, ya tsara jakar nan mai hannu biyu da aka sani yanzu, kamfanin Celloplast ya yi rajistarta a 1965. Ɗansa ya ba da labari cewa tsohon kullum yakan linke guda ya sa a aljihu, domin nufinsa a yi ta amfani da ita sau da yawa, a huta da sare itatuwan da ake yin jakar takarda da su. In za a yi adalci, leda ta yi wa mutane rana. Ba ta da nauyi, ruwa ba ya ratsa ta, tana kare abinci daga ƙura da ƙuda, ga ta da araha har mai tebur na iya ba da ita kyauta. To, wannan arahar ita ce ta zame mata aibu.

Dalili kuwa shi ne, kuɗin da mai karɓa bai biya ba, wani ne yake biya a bayansa. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana takan sa ta yi rauni ta ragargaje, gutsattsarin su zauna cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru. Wadda aka yar a bakin hanya iska ta ɗauka, amma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Akuya ta ji ƙamshin mai ko gishiri a jikinta ta haɗiye, ta cunkushe mata tumbi, dabba ta yi ta ramewa alhali tana kiwo, mai ita bai san dalili ba sai ran da mahauci ya farke cikin. Wata ta faɗa kwata ta tare ruwa, sauro ya sami wurin haihuwa, zazzaɓi ya kama yaran da ba su taɓa ganin wanda ya yar da ita ba. Da damina ruwa ya rasa hanya ya kwanta a gindin katanga har ta zube. Wata ta bi taki zuwa gona ta hana saiwa tafiya. Wannan ba a nan kaɗai ba ne. Ƙasar Bangaladash ta hana amfani da siririyar leda a 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanai lokacin manyan ambaliyoyin da aka yi can. Ashe ke nan babu kyauta a cikin lamarin, bashi ne aka ci da sunan maƙwabci.

Mai gardama zai ce, "Ledata guda ɗaya me za ta ƙara, me za ta rage?" Amsar tana cikin lissafi. Gidan da yake karɓar leda 5 kowace rana, a shekara ya karɓi 1,825. Unguwa mai gida 200 irin wannan ta tara 365,000. Kowane ɗaya daga cikin masu gidajen nan yana iya rantsuwa cewa tasa ba ta toshe kwata ba, ga kwata kuwa a toshe. Laifin da aka rarraba wa mutum dubu bai gushe ba don an rarraba shi, sai dai kowa ya daina jin nauyinsa.

Gwamnatoci da yawa sun gwada gyara da doka. A 2002 ƙasar Ailan ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda, nan da nan yawan da ake karɓa ya ragu da wajen tara cikin goma. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya kuma a 2017, har da tanadin tara mai nauyi ko ɗauri. Labarin Ailan yana da abin lura. Santi 15 bai isa ya talauta kowa ba, amma da aka ce a biya, sai mutane suka tuna suna da jaka a gida. Watau tun can suna iyawa, rashin farashi ne ya sa suka shagala. Mutumin kirki kuwa ba ya jira sai an sa wa abu kuɗi kafin ya san yana da daraja, kamar yadda ba ya ɓarnar ruwan rijiyar unguwa don ba saye yake yi ba.

Amma a nan akwai wani rami da masu kyakkyawar niyya sukan faɗa. Wani yakan ɗauka da zarar ya sayi jakar yadi ya fita hakki. Ba haka ba ne, domin ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Sai an noma auduga, an shayar da ita, an kaɗa, an saƙa, an rina, an yi dakonta. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2011, inda aka auna iskar da ke ƙara wa duniya zafi wadda ake fitarwa wajen yin kowace irin jaka. Aka tarar jakar takarda sai an yi aiki da ita sau 3 kafin ta fi ledar da aka yar bayan aiki ɗaya, jakar roba mai kauri sau 11, ta auduga kuwa sau 131. Bisa ga wannan, tsohuwar da take linke ledarta ta koma kasuwa da ita har sau goma ta fi mai kuɗin da yake sayen sabuwar jakar yadi kowane wata yana jibgewa a ɗaki. Abin aunawa shi ne sau nawa aka mori abu kafin a rabu da shi.

Saboda haka hanyar mai hankali a fili take. Ledar da ta riga ta shigo gida a kakkaɓe ta, a wanke in ta ɓaci, a shanya, a ajiye wuri guda kusa da ƙofa. In ta tsufa, aikinta na ƙarshe ya zama tara shara. Kada a zuba mata abinci mai zafi, kada a mayar da wadda ta ɗauki ɗanyen nama ko kifi ga abin da za a ci ba dahuwa, kada kuma a hura wuta da ita, gama hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Sa'an nan a nemi mazubi guda mai ƙarfi, kwando ne, ko jakar kaba, ko wadda tela ya ɗinka da ragowar yadi ko tsohon buhu, a riƙe shi shekaru, a riƙa wanke shi. Mai saye da sayarwa shi ma yana da nasa rabo, ko da tambaya ce kawai ya yi kafin ya miƙa leda, maimakon ya sa ashana a guda, sabulu a guda, ya haɗa su a ta uku.

Abin da ya rage shi ne kunya. Akwai masu ganin fita da kwando ƙauyanci ne, linke tsohuwar leda kuma rowa ce. Sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Marowaci yana hana wani abin da ya kamata ya ba shi, mai tattali kuwa yana hana kansa ɓarna, amfanin ya koma ga jama'a. Wanda ya ce wa mai tebur ya bar ledarsa bai tauye kowa ba. Ya rage wa mai tebur asara, ya rage wa mai akuya, ya rage wa wanda gidansa yake gangare. Bisa ga haka masu cewa abin hannu amana ne su ne da gaskiya, kuma ledar da aka karɓa tana wuyan mai karɓa har sai ya san inda ta kwana.