Abin da ke Faɗo wa Zuciya Kafin Hankali Ya Auna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mutum yakan haɗu da wanda bai taɓa gani ba, kafin su gama gaisawa zuciyarsa ta riga ta karkata gare shi ko ta ƙi shi. In aka tambaye shi dalili, ba shi da amsa. Wani lokaci zanen fuska ne ya jawo hakan, wani lokaci karin harshe, ko kamannin wani da ya taɓa cutar da shi. Malaman tasawwufi suna kiran irin wannan abu haɗiri, sun kuma kasa shi huɗu: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na Shaiɗan.

Mas'alar tana da nauyi a ƙasar Maraɗi. Tun shekarar 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, da yawansu suka sauka a gundumar Gidan Rumji, mutanen ƙauyuka suka raba musu hatsi da ɗakuna. Amma tsoro ya shigo tare da su. Makiyayi ya iso kasuwa da sandarsa da rawaninsa, sai wani ya ji gabansa ya faɗi, alhali mutumin gishirin dabbobi ya zo saye. A gonakin Agye da Gazawa kuma, idan shanu suka yi ɓarna kafin a kwashe gero, zuciyar manomi takan kama sunan wanda dama ba ta so, tun ba a bi sawu ba. Daga nan magana take zuwa gaban mai gari, wani lokaci har a zubar da jini.

Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya bayyana matakan abin. Da farko tunanin yana faɗowa, sai rai ya karkata, sai zuciya ta yanke hukunci, sannan a ƙulla niyya. Matakai biyu na farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Hisabi yana farawa ne inda ya karɓi tunanin ya mai da shi hukunci. Saboda haka aikin muridi shi ne ya tsaya a wannan ƙofa ya tambayi abin da ya shigo daga ina ya fito, kuma wace shaida yake ɗauke da ita. Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a afka wa mutane, ta kuma yi hani ga yawan zato.

Akwai tarko na musamman ga ma'abota zikiri. Wanda ya daɗe yana wuridi yakan ɗauka duk abin da ya ɗarsu masa firasa ce, hasken mumini. Firasa gaskiya ce, amma ba ta halatta jinin kowa ko mutuncinsa. Usamatu ɗan Zaidu, masoyin Annabi (SAW), ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, bisa tabbacin da ya ji a ransa cewa tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Annabi (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da ke ciki ba. Idan tabbacin sahabi bai zama hujja ba, na wanda ya zo bayansa ya fi cancantar a tuhume shi.

Gazali ya ba da alamar gane mummunan zato: mutum ya ji ɗan'uwansa ya yi masa nauyi, ya rage kula da shi. Maganin da ya bayar shi ne a ƙara kyautata wa wanda ake zargin, a yi masa addu'ar alheri, domin hakan yana baƙanta wa Shaiɗan har ya daina kawo irin wannan tunani. Wannan bai hana taka tsantsan ba. Mai gida yana iya kulle garkensa da dare, ya kai rahoton abin da idonsa ya gani, amma ba ya shaida da abin da ƙirjinsa kawai ya ji. Da dare kuma, bayan wazifa, ya zauna ya yi wa kansa hisabi a kan mutanen da ya ƙi yau ba tare da dalili ba, ya ambace su cikin addu'arsa.

Allah Ya tsarkake zukatan bayinSa daga mummunan zato, Ya zaunar da ƙasar Maraɗi da maƙwabtanta lafiya. Amin.