Tiyar Kasuwa da Tiyar Lakwal



Ya ku ƴan uwana na Babbar Kasuwar Yamai, Oktoba ta kama, lakwal ta koma, kowa ya san abin da aljihunsa ke ciki. Makon jiya na zauna a rumfar wani aminina mai sayar da yadi, na tarar yana ƙirgar kuɗi. Ƴan jika-jika ne da ƴan jika biyu-biyu, sun yi laushi don yawan shiga hannu. Ya jera su, ya ɗaure da roba, ya sake kwancewa ya ƙirga. Kuɗin zangon farko ne na ɗansa, wanda ke koyon aikin jinya a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta can cikin karkara. Da ya gama sai ya dube ni ya ce, "Malam, ni dai Allah ya sa ya fito da takarda." Na amsa da amin, amma maganar ta kwana a raina. Takarda ya ce, bai ce ilimi ba, kuma yawancinmu haka muke faɗa.

Na taɓa kwana biyu a irin wannan makaranta. Ajujuwa huɗu ne, da ɗakin kwanan maza a gabas, na mata a yamma, da famfon burtsatse guda wanda ake yi wa layi tun kafin kiran assalatu. Wutar hasken rana ce, kafin goman dare ta yi sanyi. Na ga samari biyar sun kewaye littafi ɗaya na sassan jikin ɗan Adam, ɗaya ya haska da fitilar waya, ɗaya yana karantawa da faransanci, na uku yana mayar wa sauran da Hausa da Zabarmanci. Tukunyarsu ɗaya. Wannan ya zo da shinkafa, wancan da wake, wanda bai da komai shi ke hura wuta ya wanke kwano, kuma ban ji wanda ya goranta masa ba. Malaminsu ya san kowa da sunansa da garinsu, ya san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Wallahi na yi sha'awar wurin. Yaron da ke cikin ɗaruruwan ɗalibai a babban zauren jami'a ba ya samun wannan gata.

Kada kowa ya raina karatun ƙauye. Ku dubi Say, a bakin kogi, kilomita 50 da ɗoriya kudu da mu. Malanta ce ta ɗaga sunan garin tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo a ƙarni na 19. A can aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa larabci da faransanci a ƙasar nan a 1957, a can kuma Jami'ar Musulunci, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa, ta fara karatu a 1986, ɗalibai na zuwa daga ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bar gida ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don ya yi karatu. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya tak. Nisa da gida da ƙarancin jin daɗi ba su taɓa hana ilimi albarka ba. Ha'inci ne yake hana shi.

A dare na biyu a waccan ƙaramar makaranta wani ɗalibi ya raka ni masauki. Muna tafe cikin duhu sai ya ce, "Baba, in tambaye ka. In mutum ya san zai faɗi, aka ce ya kawo wani abu a cika masa maki, zunubin na wa ne?" Na tsaya cak. Ya ce shi bai yi ba, amma ya ga ana yi, har da iyayen da ke bugo waya da kansu.

Ku fahimci yadda abin ke tafiya, don ku ƴan kasuwa ne. Ƙaramar makaranta mai zaman kanta ba ta da wata rijiya sai kuɗin da kuke biya. Da shi ake biyan malamai, da shi ake gyara famfo. In yara goma suka faɗi, iyayensu suka kwashe su suka kai wani wuri, albashin wata ya girgiza. Sai mai makaranta ya kira malam ya ce a duba. Malam kuwa yana bin bashin wata biyu, yana da iyali. Yaron da ya ci 7 cikin 20 sai a wayi gari ya ci 10. Uba ya ji daɗi, ya ce makarantar nan tana da kyau, ya tura ƙanen yaron. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ji ya yi sata, alhali an tauye mudu.

Ai kun san wannan laifi da sunansa. Kun san tiyar da aka bubbuga wa gindi don ta rage ci. Kun san yadin da ake ja lokacin awo, a kai gida ya kasa riga. Allah ya saukar da sura guda, ta 83 a jerin Alƙur'ani, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye awo. Ya ba mu labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi ta jan kunnensu kan mudu da sikeli, suka ƙi ji, aka halaka su. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi a ƙasa busasshe a sama, ya barranta daga mai yin haka. Takardar shaidar karatu awo ce. Tana faɗa wa jama'a cewa an auna wannan yaro an same shi cikakke. In an san bai cika ba aka sa hannu, an ɗora busasshe a kan jiƙaƙƙe, an kuma yi shaidar zur.

Tauye tiyar gero yunwar dare ɗaya yake jawowa. Ɗalibin jinyar da aka cika wa maki kuwa za a tura shi ɗakin shan magani na wani ƙauye inda babu likita, daga shi sai Allah. Cikin damina za a kawo masa jaririya jiki rau da zazzaɓin cizon sauro, ya auna nauyinta, ya lissafa yawan maganin da zai ja a sirinji. Darasin da aka cika masa maki a kansa ke nan. Uwar yarinyar ba za ta tambaye shi takarda ba, miƙa masa ƴarta za ta yi. Alhaji, kai da ka bugo waya a duba ɗanka, kana da kaso a cikin abin da zai faru a ɗakin nan. Ina faɗin wannan zuciyata na rawa, don ni ma uba ne, na san zafin ganin ɗa ya faɗi bayan an kashe abin da aka tara.

Ku kuma ƴaƴana ɗalibai, maza da mata, da kun ga hannun mahaifinku yana ƙirgar kuɗin nan da ba ku kwana kan waya ba. Ba kyauta ya ba ku ba, amana ya damƙa muku. Can babu idon uwa babu na uba, amma wanda ya halicci idon yana nan. Ku riƙe sallar asuba cikin jam'i, ku zauna da littafi bayanta kafin rana ta yi zafi. Abin da ba ku gane ba ku tambaya, ajinku ƙarami ne, malam zai ji ku. Wanda ya gane ya koya wa ɗan uwansa tun kafin ranar jarrabawa. Miƙa masa ƴar takarda ta ƙarƙashin tebur ba taimako ba ne, cutarsa ka yi, ka cuci waɗanda zai yi wa aiki gobe. In ka faɗi da gaskiyarka, ka maimaita shekara, babu abin kunya a ciki. Ke kuma ƴata, duk wanda ya nemi mutuncinki a bakin maki, ki faɗa wa iyayenki a ranar, kada ki rufa masa asiri.

Masu makarantu da malamai, na san da yawanku don Allah kuka kai karatu inda gwamnati ba ta kai ba, Allah ya saka muku. Ku biya malamai haƙƙinsu a kan lokaci, don malamin da ke jin yunwa shi shaiɗan ya fi saurin samu. Ku faɗa wa uba gaskiya ko da zai cire ɗansa. Dattawan kasuwar nan sun ga gobarar 1982, wadda ta cinye ta har sai da aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Ku tambaye su wa aka yarda a ba kaya bashi bayan rumfa ta zama toka, za su gaya muku wanda aka sani da cika awo ne.

Kafin in tashi daga rumfar aminina na ce masa, "Alhaji, kuɗin nan kada ka aika, ka kai da kanka." Ya ce wa zai tsare masa rumfa? Na ce yaron shago ya tsare ta ranar da ka tafi Kano sarin kaya, zai tsare ta kwana ɗaya. Ka je ka ga inda ɗanka ke kwana, ka ci daga tukunyarsu. Ka gaisa da malaminsa, ka ce masa a gaban yaron, "Malam, abin da ya ci shi za ka rubuta, ko nawa ne." Ya yi shiru yana juya ƙullin kuɗin a hannunsa, can ya kira yaron shago ya ce ya je tasha ya tambayo masa ƙarfe nawa motar safe ke tashi.