Tsakanin Tasbahata da Allon Ƙanena

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyaye, Ya sanya ƙanne amana a hannun yayye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana a cikin wannan ɗariƙa ta Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, ni ƙaramin almajiri ne, ban kai in hau buzun wa'azi ba. Ɗan Birnin Ƙonni ne ni, ina karatu a jami'ar Tawa. Abin da zan faɗa a nan laifina ne ni da kaina, kuma sai da na nemi izinin malamina kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, wataƙila akwai mai irin ciwon.

A hutun da ya wuce na koma gida. Wata rana bayan sallar magariba na zauna kan tabarma a tsakar gida, na ɗauki tasbaha na shiga wuridi. Sai ga ƙanena, yaro ɗan shekara 12, ya zo da allonsa ya durƙusa a gefena, ya ce, "Yaya, ka saurara mini hadda, gobe zan biya wa Malam." Ban buɗe baki ba. Na ɗaga masa hannun da ke riƙe da tasbaha, alamar ya dakata, ya kuwa dakata. Da na gama wuridi sai na ƙara da salati, domin a daren nan zuciyata ta ji daɗin zikiri ƙwarai. Da na gama wannan kuma sai waya ta yi ƙara, abokan karatu suna gardama a WhatsApp kan sakamakon jarrabawa. Lokacin da na waiwaya, yaro ya yi barci a zaune, allon yana kan cinyarsa. Inna ta zo ta tashe shi, ta ɗauke allon ta jingine a bango, ba ta ce mini uffan ba. Bai sake kawo mini allo ba, ni kuma ban ma lura ba.

Sai da hutu ya kusa ƙarewa na gan shi da hantsi a bakin hanyar da ke zuwa iyaka, yana ɗura wa wani ɗan kabu-kabu fetur daga kwalba, a lokacin da ya kamata a ce yana gaban malamin allo. Da na tambayi Inna, ta ce ai tun kafin a rufe lakwal ya fara gudu, har mushensu ya aiko sau biyu.

Na tafi wurin malamina raina a ɓace. Na ce, "Allah gafarta Malam, yaran zamani sun lalace, kuɗi kawai suka sani." Ya bar ni na zuba har na gaji, sannan ya ce, "Bai taɓa zuwa wurinka ba?" Na ba shi labarin daren nan, ina ma ɗan jin alfahari, wai ban yanke wuridi ba saboda kowa. Malam ya yi shiru, ya ce, "Wuridin da ya kuɓuce maka da magariba kana iya rama shi bayan isha'i. Yaron da ya zo da allo aka kore shi da tasbaha, yaushe za ka rama shi? Ka koya masa cewa tasbaha ita ce abin da ke raba shi da yayansa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya tuna mini abin da na sani na manta. Ya tabbata a Buhari cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda tausayin uwar. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. An kuma ruwaito cewa ya tsawaita sujada har sahabbai suka damu, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi. Wannan fa salla ce, ginshiƙin addini, a wurin mafi sanin Allah a cikin halitta. Ni kuwa ƙarin nafila ne na kasa dakatarwa na minti goma.

Daga nan Malam ya ce in je in karanta Ida'un Nusukhi, ɗan littafin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa malaman da shi da yayansa suka yi karatu a wurinsu. A nan ne abin ya ƙara yi mini nauyi, domin labarin gidanmu ne. Kakansu Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro a ƙasar Ƙonni ya sauka. Shi kansa Mujaddadi Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, kafin iyayensa su koma Degel. Mu da muke wucewa ta Galmi da Malbaza a mota, albasa da siminti kawai muke tunawa.

Wanda ya karanta littafin nan zai ga cewa makarantar farko ta waɗannan bayin Allah a cikin gida take. Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo suka karanta shi. Da yawa daga malamansu baffanni ne da kawunnai. Shehu ya karanta Mukhtasar a wurin baffansa Usmanu Binduri, ya lizimce shi kusan shekara biyu, kuma abin da Abdullahi ya fi nanatawa shi ne cewa Shehu ya kwaikwayi halin mutumin: tsoron Allahnsa, da yadda yake umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wato kafin ya kai ga Malam Jibrila ɗan Umar, an riga an gyara ƙasar da za a yi shuka. Mu 'yan ɗariƙa mun fi kowa sanin cewa hali daga zama ake ɗaukarsa, shi ya sa muke tafiya mai nisa don mu zauna gaban shehi ko da ba zai ce komai ba. To, yaron gida a gaban wa yake zaune dare da rana?

Wurin da ya tsayar da ni shi ne inda Abdullahi ya ba da labarin kansa, cewa bayan ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi a hannun yayansa Usmanu. Na yi lissafi. Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12, ke nan a lokacin Shehu yana wajen shekara 25, yana kan neman ilmi, yana yawon wa'azi, yana da nasa wuridin da ibadar dare da ba za mu iya kwatanta ko kusa ba. Shekarunsa kusan nawa ne yanzu, shekarun ƙanensa kusan na ƙanena. Bai ɗaga masa hannu ya ce ya dakata ba. Ya ja shi a jiki, ya karantar da shi, ya tafi da shi duk inda za shi, har wannan yaro ya zama mai Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati.

Mu da muka yi lise mun karanta L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane ɗan Senegal, wanda ya fito a 1961, labarin Samba Diallo da aka cire daga gaban malaminsa na allo aka kai makarantar Nasara, ya ƙare a Faransa zuciyarsa a rabe biyu. Mun yi ta rubuta jarrabawa a kansa, muna zargin Turawa. Zargin yana da tushe, musamman a garinmu: a watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisa mai yawa, don haka ba na ganin laifin kakanninmu da suka ɓoye 'ya'yansu daga lakwal. Amma Samba Diallo gata ne ya yi masa yawa: malami yana son sa, mahaifi yana son sa, manyan gida suna zama suna shawara a kan makomarsa. Ƙanena ba a ja shi tsakanin makarantu biyu ba. Ya zame ne ta tsakaninsu, mushe yana zaton yana wurin malam, malam yana zaton yana wurin mushe, ni kuma da na san karatun duka biyun ina can ina jan tasbaha.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ina da ƙanwa 'yar shekara 10 da ke tallar dafaffen ƙwai a tasha. Ita ko allon ba ta taɓa kawo mini ba, don ba ta da shi. Shehu Usmanu a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan aikin gida, ya kuma nuna cewa irin wannan karantarwa ta waje tana jawo zargin riya. Bai tsaya ga faɗa ba, ya aikata a gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da ƙaura, duk da haka karatunta bai tsaya ba, har ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta tsara 'yan taru, inda jaji take ɗauko mata daga ƙauye su zo su karɓi karatu cikin waƙa su koma su koya wa na gida, kuma aikin bai mutu da rasuwarta a 1864 ba. Muna zuwa ziyara Hubbare a Sakkwato mu yi kuka mu dawo, 'yan matan gidanmu suna tasha da tire a ka.

Ba na ɗora wa Inna laifi. Da kuɗin ƙwan nan ake cefane a ranar da Baba ya dawo kasuwa hannu wofi, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin yanke hukunci. Amma na zauna na lissafa abin da nake kashewa a wata wajen sayen kuɗin intanet, na ga ya kusa ribar tallar sati guda. A nan bakina ya mutu.

Ya 'yan'uwa, musamman ku ɗalibai irina da ke Tawa da Yamai da Say da Maraɗi, kowannenmu ya san labarin da ake ruwaitowa na Shehu Abdulƙadir lokacin da zai tafi Bagadaza neman ilmi, yadda mahaifiyarsa ta ɗinke masa dinare 40 a cikin riga ta ɗauki alkawarin ba zai yi ƙarya ba, da yadda gaskiyarsa ta sa 'yan fashi suka tuba. Muna faɗinsa a maulidi muna kabbara. Ku lura, kafin ya ga ko shehi ɗaya a Bagadaza aka yi wannan, tarbiyyar tsakar gida ce ta yi magana a bakinsa. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta haɗa kanmu da iyalanmu wuri guda cikin umurnin tsarewa daga wuta. Ban ce kowa ya rage wuridi ba, Allah Ya kiyaye, shi ne abincin zuciyarmu kuma alkawari ne muka ɗauka a hannun shehi. Amma in hutu ya zo, ka tambayi ƙanenka a wace sura yake kafin ka tambayi lokacin halƙar zikiri, kuma in za ka halƙar ka riƙo hannunsa.

Kafin in dawo Tawa na kira ƙanena na ce ya yafe mini. Ya yi ta dariya don kunya, bai taɓa jin babba ya roƙi yaro gafara ba. Na ce ya ɗauko allon. Rubutun ya dishe, tun na daren nan ne, ba a wanke ba. Muka wanke tare, na rubuta masa sabo. Yanzu duk daren Juma'a bayan isha'i ina kiran wayar Inna ya karanta mini, wani lokaci layi ya yanke a tsakiyar aya mu sake. Bai bar fetur gaba ɗaya ba, amma ya koma lakwal, zai maimaita aji. Zancen ƙanwata kuwa har yanzu muna kai da komo da Baba. Ya yarda ta riƙa zuwa islamiyyar dare, tallar safe ce bai sake ba tukuna. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa su biyun a addu'a bayan wuridinsa, ni ma ya roƙa mini Allah Ya yafe mini daren nan.

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.